Sai na ɓata sunan garinmu kafin waya ta gane shi?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗaurin auren 'yar aminina ya wuce ni, kuma har yau raina bai huce ba. A Tudun Wada aka ɗaura, ta Jihar Kano, wadda mutanenta ke kira Tudun Wadar Ɗankadai. Da za mu tashi, ɗana ya ce, "Baba, ba sai mun tsaya tambaya ba." Ya rubuta sunan garin a manhajar taswira, ya danna wanda ya fara fitowa, ya jingine wayar gaban sitiyari. Muka hau titin Zariya, muka wuce Kura. Da muka iso Kwanar Ɗangora, inda ya kamata mu karya hagu, baiwar Allahn nan da ke magana a cikin wayar ta ce a miƙe. Muka miƙe. Sai a Tashar Yari jikina ya ba ni, na sa aka tsaya na tambayi wani mai rake. Ashe Tudun Wadar Zariya ake jan mu. Kafin mu juyo an shafa fatiha, har goro ya ƙare.

Na san za a ce laifina ne, tunda matambayi ba ya ɓata. Na karɓi rabona. Amma a bar ni in faɗi na wayar.

Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba, suna shawagi a nisan sama da kilomita 20,000 daga doron ƙasa. Da saƙon huɗu daga cikinsu waya take gane inda kake tsaye, kuskurenta 'yan taku ne kawai. Madalla. Sai dai tauraro bai san sunan ko gari ɗaya ba. Sunayen, mutane ne suka zauna suka shigar, kuma galibi daga taswirorin da Turawan mulki suka bari aka kwaso su, da rubutun da kunnen Bature ya jiyo. Shi ya sa Basakkwace zai rubuta Sakkwato yana ɗar-ɗar, don ya san Sokoto ce a rijista. Funtuwa ta koma Funtua. Ƙauran Namoda an fizge mata ƙugiyar ƙ, an bar ta Kaura. Tun shekarun 1930 muke rubuta ɓ da ɗ da ƙ a boko, amma yau in ka sa su a gurbin bincike sai ka ji kamar ka yi wa na'urar ashar.

Tsallaka iyaka ka ga inda abin ya fi ciwo. Direban da ya shekara ashirin yana jigila tsakanin Katsina da Maraɗi ya san Tasawa kamar tafin hannunsa, amma ba zai same ta ba sai ya koyi rubuta Tessaoua. Tawa ta zama Tahoua, Madawa Madaoua, Dogon Dutse kuwa an dunƙule shi Dogondoutchi. Wanda ya ce Damagaram, Zinder ake so ya rubuta. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma Bahaushe sai ya ari bakin Bafaranshe kafin ya nemo garin kakansa. Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Ga kuma takwarori. Tudun Wada nawa ce a Arewa? Akwai a Kaduna, akwai a Jos, akwai a Gombe. Sabon Gari kuwa ba a magana. Dutse babban birnin Jigawa ne tun 1991, amma akwai Dutsen Alhaji a Abuja. Kowane ɗan kamasho a tasha, kana cewa Birni zai tare ka da "Wanne? Kudu, Kebbi ko Gwari?" Yaron da bai gama firamare ba ya san a tambaya kafin a ɗora kaya. Ita kuwa wayar sai ta jero maka sunaye iri ɗaya da ƙananan haruffa, ta bar ka da canki-canka kana tsakiyar tuƙi. Kuma a ƙasar da kuskuren kwana ɗaya zai iya sa ka tsinci kanka a hanyar Birnin Gwari da magariba, canki-canka ba wasa ba ne.

Fushina bai tsaya kan masu manhaja ba. Allunan da ke bakin garuruwanmu wa ya rubuta su? Mu ne. Indiya ta mayar da Bombay Mumbai a 1995, duniya ta bi, taswirori suka gyara. Mu kuwa shugaban ƙaramar hukuma zai kashe kuɗi ya gina ƙofar gari, ya ƙawata ta da fenti, sannan ya manna mata rubutun da wani Joji ya yi kuskurensa shekara ɗari baya. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato duk suna koyar da Hausa har digiri na uku. Me ya hana a tattara sunayen garuruwa da ƙauyuka da rubutunsu na gaskiya, a miƙa wa masu taswira, a tsaya a kai sai sun shigar?

Aminin nawa dai ya ce ya yafe, amma ya ƙara da cewa ranar suna, in Allah ya kai mu, zai turo yaro ya jira ni a Kwanar Ɗangora.