ƘURA A BAKIN WAYAR GILASHI

Duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko unguwar Sabo ta Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san cewa zumunci a wannan zamani ya koma kan waya. Ta nan yake jin lafiyar tsohuwa, ta nan yake aika kuɗin cefane da na makarantar yara, ta nan kuma fataken doya da riɗi da agushi na garin Lafiya suke ƙulla ciniki da abokan hulɗarsu na kasuwar Mile 12 tun kafin mota ta tashi. Saboda haka duk ranar da aka wayi gari waya ta ƙi shiga a babban birnin Jihar Nasarawa, ko kuɗi suka maƙale a hanya, zafin abin yakan iso har ɗakin mutumin da ke zaune a bakin teku.

In haka ta faru, akan ɗora laifin a kan masu aikin hanya waɗanda motocinsu ke tsinke wayoyin da aka binne, ko kuma a kan ɓarayi. Wani lokaci kuma musibar daga nesa take zuwa, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris, 1 ga sahun ranakun da ba a manta ba na shekarar 2024, sa'ad da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta tsaya cik a wurare da dama. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani ɓarawo da ba ya zuwa da diga ko shebur, ba a kuma buga labarinsa, wato datti a bakin mahaɗin waya. Masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya sun yarda cewa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke hana irin wannan waya aiki.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Wayar da ake kira fayiba zare ne na gilashi, kuma haske ne ke ɗauke da magana da hoto da saƙon banki a cikinta. Kaurin zaren kashi 125 ne cikin 1,000 na milimita, wato ya ɗan ɗara gashin kai kaɗan. Hasken kuwa a tsakiyar zaren yake bi, ta wata 'yar hanya wadda faɗinta bai wuce kashi 9 cikin 1,000 na milimita ba. A duk inda zare zai shiga inji, ko zai sadu da ɗan'uwansa a cikin akwatin rarrabawa, akan sa masa kai na farin tangaran wanda aka goge bakinsa sumul. Wannan shi ne mahaɗi. Bakin nan biyu suke haɗuwa gam, haske ya tsallaka daga wannan zuwa wancan.

To, ƙwayar ƙura guda wadda ido ba ya gani ta isa ta zauna a kan wannan 'yar hanya. In ta zauna, sai ta tare wani sashe na hasken, ta warwatsa wani, ta mayar da wani baya zuwa injin da ya aiko shi. Maiƙon yatsa da gumi su ma haka suke yi. Abin da ya fi muni shi ne, in aka cusa mahaɗi mai datti cikin mai tsabta, sai dattin ya shafi duka biyun, tsakuwar da ke ciki kuma ta karce gilashin ko ta nutse a cikinsa. Daga nan goge-goge ba ya magani, sai dai a yanke kan a sake wani. Sau da yawa layin ba ya mutuwa gaba ɗaya. Yakan yi ta ɗaukewa yana dawowa, ma'aikata su yi ta sauya injuna masu tsada suna neman cutar, alhali kuwa tana nan a wurin da bai kai kan allura ba.

Wannan magana ta fi shafar garuruwa irin su Lafiya. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan kwaso ƙura mai laushi kamar gari daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga ko'ina, har cikin akwatin da aka kulle. Bushewar iska kuma takan sa gilashi da roba su riƙa jawo ƙura da kansu, kamar yadda riga ke manne wa jiki a lokacin sanyi. Ga kuma ƙurar manyan motocin da ke ratsa garin dare da rana tsakanin Akwanga da Makurɗi. In damina ta sauka, laima ta karɓi aikin. Ma'aikacin da ya buɗe akwatin waya a bakin titi, ya ajiye mahaɗi a buɗe a ƙasa ya tafi shan ruwa, ya riga ya ɓata aikinsa kafin ya fara.

Abin lura shi ne, asalin wannan fasaha kanta tsabta ce. A shekarar 1966 wani masani mai suna Charles Kao, yana aiki a Ingila, ya nuna cewa gurɓatar da ke cikin gilashi ita ce ke cinye haske, in da za a tace shi sarai, da haske ya yi tafiya mai nisa a cikinsa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko da ya cika wannan sharaɗi, a 2009 kuma aka ba Kao lambar yabo ta Nobel. Abin kunya ne a ce gilashin da masana suka yi shekaru suna tacewa, wanda aka sayo da kuɗin ƙasashen waje, a zo a kashe shi da gefen riga.

Maganin kuwa ba boyayye ba ne, kuma ba shi da tsada. Ƙa'idar sana'ar ita ce a duba bakin mahaɗi da madubi mai ƙara girman abu sau 200 ko 400, in da datti a goge, a sake dubawa, sa'an nan a haɗa. Ɓangarorin biyu ake yi wa haka, har da sabon da aka ciro daga leda yanzu, domin murfinsa ma yakan ɗauki ƙura. Ana gogewa da alƙalamin goge mahaɗi, ko da ƙyalle na musamman wanda ba ya zubar da zare, a ɗan jiƙa shi da ruwan sifirit tatacce mai saurin bushewa, a bi da busasshe. Ba a taɓa bakin da yatsa, ba a hura shi da baki, ba a barinsa ba murfi. Haka kuma ba a leƙa shi da ido muddin inji na aiki, gama hasken da ke ciki ba a ganinsa, amma yana iya lahanta ido. Har ma akwai ma'aunin da ƙasashen duniya suka amince da shi, mai lamba IEC 61300-3-35, wanda ya fayyace irin dattin da karcewar da za a iya yarda da su da waɗanda ba za a yarda ba.

Hukumomi sun yi abin a yaba wajen shimfiɗa waya. Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta shiga sahun jihohin da suka yafe wa kamfanoni kuɗin haƙa ramin waya, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yaba wa Gwamna Abdullahi Sule a kan haka. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin ƙara kilomita 90,000 na wayar gilashi a ƙasar nan, ta kuma sa kayan sadarwa cikin dukiyar ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Sai dai dattawa ba su manta da zamanin Gidan Waya da Tangaraho ba, da kamfanin NITEL da aka kafa a 1985, lokacin da ake kafa kaya da biki, a bar su ba kulawa, har aka shiga shekarar 2001 layukan tarho na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Ƙasar nan ba ta taɓa gazawa wajen saye ba. Riƙo ne ke ba ta wuya.

Don haka wannan jarida tana kira ga Gwamnatin Jihar Nasarawa, da 'ya'yan jam'iyya da ke majalisu, da su tsaya a kan cewa duk kwangilar waya da za a bayar domin asibiti ko makaranta ko ofishin gwamnati, kada a biya ɗan kwangila sai ya nuna shaidar cewa an duba kowane mahaɗi an same shi da tsabta. Kamfanonin sadarwa kuma lalle ne su ba kowane ma'aikaci madubinsa da kayan gogewarsa, su kuma daina ɗora masa aikin kwana biyu a yini guda, domin gaggawa ita ce uwar ƙazanta. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka buɗe a 2011, da kwalejin fasaha ta jihar, ya dace su shirya gajeren horo na aikin hannu, yadda matasan garin za su iya haɗa waya da gyaranta ba tare da an jira wani ya taso daga Abuja ba.

'Yan'uwa mazauna Kudu su ma suna da nasu rabon. A garuruwan da suke zaune ne aka fi yin wannan aiki, kuma a nan ne gwanayensa suke. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda suka saba tara kuɗi domin biki da jana'iza, za su iya ɗaukar nauyin yara biyu ko uku su koyi sana'ar, su saya musu kayan aiki, su mayar da su gida da abin yi. Wanda kuma aka zo sa masa waya a shago ko a gida, ba laifi ba ne ya tambayi ma'aikaci ko ya duba bakin kafin ya haɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ma'aikacin waya kuwa ya sani cewa amana ce a hannunsa. Ta wannan ɗan bakin gilashi kuɗin maganin wani dattijo za su bi, da jarrabawar wani yaro, da sallamar wani ɗa da ya yi shekara bai ga gida ba. Ba mai ganin ko ya goge ko bai goge ba, sai shi da Mahaliccinsa. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe abin da suka kafa, ya ba ma'aikata tsoronsa a ɓoye da sarari, amin.