Kalmar "Kegel" Da Muke Faɗa Muku A Ɗakin Awo



Sau da yawa a ranar awo za a ji ɗaya daga cikinmu ta ce wa mai ciki, "Hajiya, ki riƙa yin Kegel." Ita kuwa sai ta gyaɗa kai, ta ɗauki katinta ta tafi. Kwanaki na tambayi wata mai cikin fari ko ta gane, sai ta ce ai ta ɗauka magani ne, har ta tura maigidanta kemis ya nemo. Laifin namu ne. A ganina bai dace mu jefa wa mace kalmar Turanci mu wuce ba, alhali bayaninta da Hausa bai fi minti biyu ba.

Kegel sunan mutum ne, Dokta Arnold Kegel, likitan mata a Amurka, wanda ya wallafa bayanin wannan motsa jiki a 1948. Abin da ake motsawa shi ne tsokar da ke can ƙasan mara, wadda ke tallafe mafitsara da mahaifa da dubura kamar yadda zanen goyo ke tallafe jariri. Nauyin ciki da yunƙurin haihuwa kan sa ta saki. Shi ya sa wata idan ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, sai fitsari ya ɗan kufce mata. Mata da yawa na fama da wannan a ɓoye, suna ta sake alwala da canza zane, kunya ta hana su faɗa mana.

Yadda ake yi: ki fara yin fitsari tukuna. Sannan ki kwanta ko ki zauna, ki matse gabanki da bayanki kamar mai riƙe tusa a cikin mutane, ki ja ciki sama. Ki ƙirga 1 zuwa 5, ki saki, ki huta daidai hakan. Ki maimaita sau 10, sau 3 a rana. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya ko tumbi. Kuma kada ki mayar da tsayar da fitsari a bayi ya zama atisayenki, domin yana iya hana mafitsara zubar da fitsarin duka. Sai an yi haƙuri, a kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3, kafin a ga canji.

Wasu surukai kan ce, wadda ke daka da surfe da ɗiban ruwa wane motsa jiki kuma ya rage mata? Gwaggo, daka hannu da baya yake ƙarfafawa, bai kai ga wannan tsoka ba. Ɗaukar kaya mai nauyi ma ƙara danne ta yake yi.

Sai dai a kiyaye, Kegel ba ya maganin yoyon fitsari irin wanda doguwar naƙuda ke jawowa. Wannan huji ne tsakanin mafitsara da gaba, fitsari na zuba dare da rana ba tari ba atishawa, kuma galibi sai an yi aiki. Duk wadda ta ga haka bayan haihuwa, maigida ya kawo ta asibiti da wuri, kada a zauna a gida ana matse-matse.