Waiwaye adon tafiya: Baraden kudu a rundunar Damagaram

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Magarya ko Dungas ya ga dawaki cikin ado, ya ji kakaki da algaita. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu kallo suke tuna cewa kakannin mahayan nan ba don kallo suke ɗaura sirdi ba.

Dungas, kamar Washa da Mirya, tana cikin ƙasashen Sosebaki, waɗanda suka girmi sarautar Damagaram kanta. Magarya kuwa, tare da Zango da Ɓaure, tana cikin garuruwan da zuriyar sarakunan Haɓe na Daura suka riƙe bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu. Dukansu sun koma ƙarƙashin Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya mulki ƙasar daga 1851 zuwa 1884. Biyayyar ba ta tsaya ga gaisuwa da haraji ba. In an buga tambarin yaƙi a Birni, wajibi ne sarakunan kudu su zo da mutanensu.

A nan ya kamata mai karatu, musamman ma'aikacin gwamnati, ya cire soja na yau daga ransa. Barde ba shi da albashi, ba shi da bariki. Wani ubangidansa ne ya ba shi doki da kayan yaƙi, saboda haka bin sa dole ne. Wani kuwa mai hali ne, ya sayi dokinsa, ya nemi mashi da takobi da garkuwa, ya bi sahu don kansa, yana fatan suna da ganima. Masu ƙarfi su ne 'yan lifidi, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu da riguna masu kaurin auduga don kibiya ta kasa shiga. Wasu har da sulke da kwalkwali. Kayan suna da nauyi ƙwarai, doki ba ya daɗewa yana sukuwa da su, don haka ake ajiye 'yan lifidi sai lokacin fasa sahun abokan gaba. Da rani ake fita, bayan an kai amfanin gona rumbu, domin da damina mahayin ma manomi ne.

Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fatauci da Tarabulus, ya sa aka ƙera igwa da albarushi a gida. Duk da haka doki bai rasa matsayinsa ba. Da wannan runduna Damagaram ta matsa wa Gumel, kuma a zamanin Ahmadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ta kutsa ƙasar Kano har Gezawa, lokacin Sarki Aliyu Babba.

Maroƙa ba sa son a faɗi sauran labarin, amma ganimar nan mafi yawanta mutane ce. Mata da yara da aka kwaso daga ƙauyuka su ne kuɗin da ake sayen doki da bindiga da su, sauran a kora su arewa ta hamada. Garuruwan kudu da ke ba da barade su ne kuma ke bakin iyaka, su ke fara ɗanɗana ramuwar gayya.

A watan Mayu 1898 aka kashe Kaftin Kazamaju na Faransa a Zinder. A ƙarshen Yuli 1899 ragowar ayarin Bule da Shanuwan, a hannun Laftana Paliye, suka iso Tirmini, yamma da birnin. Kuran Daga ya tare su da dawaki da dakaru. Lifidin da ke tare kibiya bai tare harsashi ba. Aka yi ta kayar da mahaya tun kafin mashinsu ya isa sahu. Sarki ya bar birni, aka kashe shi a watan Satumba.

Bayan haka Faransa da Ingila suka ja iyaka a 1904 da 1906. Magarya da Dungas suka faɗa hannun Faransa, Zango da Ɓaure suka tafi wa Ingila. Jikokin waɗanda suka yi sukuwa a sahu ɗaya, yanzu in za su kai wa juna shanu ko wake kasuwa, sai sun tsaya wajen 'yan duwan.