Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Wasannin Bidiyo na Da da na Yau Ba Ɗaya Ba Ne



Maganganu biyu muke yawan ji a kan wasan bidiyo, kuma ba mu yarda da ko ɗaya ba. Samari suna cewa wasannin da sun zama tarihi, hotunansu kamar zanen gawayi. Wasu iyaye kuma suna cewa wasa wasa ne, na jiya da na yau duk shiririta ce. Ta samari ba ta dame mu ba, ƙuruciya ce. Ta iyaye ita ce mai haɗari, domin ita ta sa ake miƙa wa ɗan shekara tara waya a juya masa baya.

Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985, matakai 32 ne. Wanda ya ƙetare su ya ceci gimbiya, labari ya ƙare. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, idan tubalan suka cika allo an ci ka, sai ka sake daga farko. Haka macijin nan na wayar Nokia da ya zo a 1997. Sau ɗaya ake sayen kaset ko na'ura, daga nan babu mai sake neman ko sisi. Wanda ya fi iyawa shi ke gaba, ɗan attajiri ne ko ɗan mai dako.

Su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 kuwa kyauta ake sauke su. To, daga ina masu su ke cin riba? Daga abin da ake sayarwa a ciki: tufafi, da adon bindigogi, da akwatunan da ba a sanin abin da ke cikinsu sai an biya an buɗe. An tanadi tukuici ga wanda ya leƙa kullum, don yaro ya ji ya yi asara ranar da bai shiga ba. Zango na ƙarewa, wani na buɗewa. Wasan da aka gina a kan kada a tashi daga kansa, ta yaya za a auna shi da wanda yake sallamarka da kansa?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san sunan biyan kuɗi a kan abin da sa'a ce kaɗai ke yankewa: caca. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan caca ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Yaron da ya saba da buɗe akwati da kuɗin momo na mahaifiyarsa, shagon cacar ƙwallo ba zai zame masa baƙon wuri ba.

Za a ce na da ma suna da aibi. Gaskiya ne. Jinin da ke malala a Mortal Kombat na 1992 sai da ya kai maganar gaban majalisar dattawan Amurka a 1993, kuma shagunan wasa na Kumasi da Nima sun cinye kuɗin tara na yara da dama. Amma shago yana da ƙofa, mai shi sananne ne, uba yana iya zuwa ya kamo kunnen ɗansa. Idan aka ɗauke wuta ko aka kira magariba, taro ya watse. Kuma a kan benci ɗaya ake zama, ana jiran layi, ana gardama da Hausa, har yaran maƙwabta da ba Hausawa ba suna tsintar harshen. Yau yaro yana ƙarƙashin bargo ƙarfe biyu na dare, yana hira da Turanci da mutumin da ba wanda ya san fuskarsa. Mu da muke tsiraru a ƙasar nan, duk dandalin da Hausa ta rasa ba ƙaramar asara ba ce.

Saboda haka muna kira ga iyaye su daina kuɗin goro. Kafin a bar yaro da wani wasa, a tambaya: yana ƙarewa? Yana neman kuɗi bayan an fara? Da wa ake yin sa? Kada a ba yaro lambar sirrin momo. Idan akwai tsohuwar na'ura a gida, a kakkaɓe ta a ajiye a falo, inda kowa ke gani, a yi wasan bayan an taso daga makarantar allo, a kashe kafin isha'i. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.