Hasken ganye: sabuwar hanyar hango fari kafin amfanin gona ya bushe

Masana kimiyya na ƙara dogaro da wani ɗan haske da ganyen tsirrai ke fitarwa wajen gane halin da amfanin gona ke ciki, tun kafin manomi ya ga alamar damuwa da idonsa.

Wannan al'amari yana da muhimmanci ga ƙasashen da abincinsu ya rataya a kan damina guda, domin samun labarin fari da wuri na iya ba hukumomi damar yin tanadi kafin rumbuna su ƙare.

Yadda abin yake

Ganye na haɗa abincinsa ne ta hanyar amfani da hasken rana da ruwa da iskar kabon, kuma sinadarin kulorofil, wanda ke ba ganye launin kore, shi ne ke kama hasken.

Sai dai ganyen ba ya amfani da dukkan hasken da ya kama. Wani kaso yana tafiya wajen haɗa abinci, wani ya fita a matsayin zafi, sauran kuma, wanda bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba, ya sake fitowa a matsayin jan haske mai rauni da ido ba ya gani da rana.

Da yake kason uku suna cin juna, auna wannan jan haske na nuna yadda aikin ke tafiya a cikin ganyen.

Wasu masana biyu a Jamus, Hans Kautsky da A. Hirsch, su ne suka bayyana wannan alaƙa a shekara ta 1931. A 1986 kuma Ulrich Schreiber da abokan aikinsa suka fito da na'urar da ke iya auna hasken ko da a cikin rana, abin da ya fitar da binciken daga ɗakin gwaji zuwa gona.

Na'urar kan ba da ma'auni na kusan 0.83 ga lafiyayyen ganye. Idan zafi ko sanyi ko hasken da ya wuce kima ya lalata aikin ganyen, sai adadin ya sauka.

Daga gona zuwa sararin samaniya

Tun cikin shekarun 1980 ake amfani da taurarin ɗan adam wajen auna koren ƙasa. A kan irin waɗannan hotuna ne cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, da kuma shirin gargaɗi kan yunwa na FEWS NET, wanda Amurka ta kafa a 1985 bayan yunwar da ta afka wa Habasha da yankin Sahel, suke dogaro wajen bin diddigin damina.

To amma wannan hanya tana da rauni guda. Tsiro kan rage haɗa abinci da zarar ruwa ya yanke, alhali ganyensa na iya ci gaba da zama kore na tsawon kwanaki.

A shekara ta 2011 ne masana suka wallafa taswirorin farko na jan hasken tsirrai a faɗin duniya, daga bayanan tauraron GOSAT na Japan da aka harba a 2009. An ƙera tauraron ne domin auna iskar da ke ɗumama duniya, amma sai aka tarar na'urorinsa na iya tsinto hasken ganye.

Daga bisani tauraron OCO-2 na hukumar NASA, wanda aka harba a 2014, da Sentinel-5P na Turai a 2017, sun ƙara yawan bayanan. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa a tsakiyar damina, gonakin masara na tsakiyar Amurka na fitar da hasken da ya zarce na ko'ina a duniya.

A 2015 kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta amince da shirin FLEX, tauraron da aka tsara musamman domin wannan aiki.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka akwai cikas. Gajimare na rufe ƙasa a daidai lokacin da aka fi bukatar gani, wato tsakiyar damina.

Haka kuma ɗigo guda a hoton waɗannan taurari kan ƙunshi faɗin kilomitoci, alhali gonar ƙaramin manomi a Maraɗi ko Katsina ba ta wuce 'yan kadada ba, kuma gero da dawa da wake a haɗe suke. Tauraron ba ya bambanta hasken gero da na ciyawa.

Babbar matsalar dai ita ce abin da ake yi da gargaɗin bayan an same shi. A Somaliya, FEWS NET ta yi watanni tana jan hankalin duniya kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana yunwa a watan Yulin 2011, kuma an ƙiyasta cewa mutane kusan dubu 260 ne suka mutu.

A Jamhuriyar Nijar ma, an san da ƙarancin ruwa da ɓarnar fara tun ƙarshen daminar 2004, amma agaji mai yawa bai iso ba sai tsakiyar 2005, bayan farashin gero ya fi ƙarfin talaka.

Shi kansa tsarin gargaɗin ba shi da tabbas. A watan Janairun 2025 an rufe shafin FEWS NET bayan gwamnatin Shugaba Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma sai bayan watanni ya dawo aiki.

Wannan ya sake tayar da batun yadda ƙasashen Afirka za su ɗauki nauyin cibiyoyinsu irin su AGRHYMET, su kuma horar da ma'aikatan da za su riƙa gwada abin da tauraro ya nuna da abin da ke cikin gona. Kwanakin da hasken ganye zai ƙara wa hukumomi za su yi amfani ne kawai idan akwai hatsi a rumbunan gwamnati da kuma kuɗin kai shi ƙauyuka a kan lokaci.