Ran 27 Ga Agusta: Darasi Ga Ƙasar Gumel

Ran 27 ga watan Agusta na 1859 ne Edwin Drake ya tono man fetur a Titusville ta Amurka, a rijiya mai zurfin mita 21. A irin wannan rana cikin 1883, dutsen Krakatau na Indonesiya ya yi aman wuta, teku ta hau tudu, mutane fiye da 36,000 suka halaka. A 1991 kuma, ran nan ce gwamnatin Janar Babangida ta fitar da Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano.

Ƙasar Gumel tana da darasi a duka ukun. Arzikinta a fili yake, ba sai an haƙa ba: riɗi, zoɓo, da dabbobin da ke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Masifarta kuwa ba ta da amo. An ji ƙarar Krakatau daga nisan kilomita 4,800, amma hamada shiru take shigowa, gona bayan gona, har manomin gero ya wayi gari rairayi ya rufe masa shuka.

Samun jiha ya kawo hukuma kusa da talaka, saboda haka uzuri ya ƙare. Ya kamata ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su mai da wannan rana ta dashen itatuwa, tun da a tsakiyar damina take faɗowa. Ɗalibai su ɗauki nauyin ban ruwa da rani, malaman daji kuma su ƙidaya waɗanda suka kai bazara. A kewaye kowane dashe da ƙaya, don wanda aka bari a buɗe abincin akuya ne.