Filin Iyaye: Tuƙin Jirgin Sama Cikin Hazo

Wasiƙar wannan wata ta fito ne daga wata uwa a Kibiya. 'Yarta tana Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, har ta kai tana tashi da ƙaramin jirgi ita kaɗai. Da ta zo hutu sai ta ba uwar labarin wai yanzu tare mata gani ake yi tana sama. Uwar ta ce tun ranar ba ta sake barcin kirki ba, tana tambaya ko wannan koyarwa ce ko ganganci.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan darasin da ya tayar miki da hankali shi ne zai tsare ran 'yarki, da yardar Allah.

Lasisin farko da matuƙi ke samu na tuƙi da ido ne. Yana kallon ƙasa, yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, da haka yake sanin jirginsa a miƙe yake. To, duk wanda ya tashi a Rano ko Kibiya ya san hunturu. Akwai ranar da hazo zai sauko, duwatsun Rano da kika saba gani daga ƙofar gida ki neme su ki rasa. Irin wannan ranar ce ake soke tashin jirage a filin Malam Aminu Kano. Matuƙin da hazo ko gajimare ya rufe a sama, idonsa ya tashi daga aiki, jikinsa kuma sai ya fara yi masa ƙarya. Cikin kunnen ɗan Adam akwai ruwan da ke gaya masa ko a tsaye yake ko a karkace. Idan jirgi ya karkata a hankali, ruwan nan ba ya ji. Matuƙi zai rantse a miƙe yake tafiya, alhali kewayawa yake yana gangarowa ƙasa. A 1954 wata jami'a a Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su da wannan horo, aka tare musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaici cikin daƙiƙa 178, wato ko minti uku ba a cika ba.

Shi ya sa ake da lasisin tuƙi da na'ura. Ɗaliba za ta sa wani tabarau da ke hana ta ganin waje, ba ta ganin komai sai agogunan da ke gabanta: na nuna karkatar jirgi, na tsawon da yake daga ƙasa, na gudu, na alƙibla, na hawa da sauka, da na juyawa. Malaminta yana zaune a gefenta idonsa a buɗe, da nasa sitiyarin a gabansa. Wani ɓangaren horon ma a ƙasa ake yinsa, cikin ɗakin kwaikwayon jirgi mai aiki da kwamfuta. Ƙa'idar duniya ta nemi aƙalla awa 40 na irin wannan tuƙi kafin jarrabawa. Za ta koyi bin umarnin masu kula da zirga-zirgar jirage ta rediyo, da yadda ake sauka bisa siginar da filin jirgi ke aikowa. Idan ta sauko zuwa tsawon da aka ƙayyade, sau da yawa ƙafa 200, ba ta ga titin sauka ba, doka ta ce ta ƙara wuta ta koma sama. Babu musu, babu "bari in ɗan gwada".

Kwalejin kuma ba ta jiya ba ce, tun 1964 aka kafa ta. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, can ta yi karatu, a 2011 kuma aka naɗa ta shugabar makarantar.

Abin da nake so mu iyaye mu riƙe shi ne namu rabon a wannan aiki. A watan Yulin 1999 John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya tashi da ƙaramin jirginsa zai je bikin 'yar ƙanen mahaifinsa. Bai kammala horon tuƙi da na'ura ba, ga dare ya yi, ga hazo a kan teku. Jirgin ya faɗa ruwa, ya rasu tare da matarsa da yayarta. Mu ma mun san halinmu in biki ko suna ya taso: "Ko ta yaya sai kin zo." Ɗan da ya saba jin wannan a gida, da wuya ya iya cewa a'a ranar da shugabansa ko fasinja ya matsa masa. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa.

Don haka Hajiya, ranar da 'yarki ta ce ta fasa tashi saboda hazo, ko ta juya ta koma inda ta fito, kada ki ce tsoro ne. Ki sa mata albarka, domin karatun ya shiga. Ki tambaye ta awa nawa ta cika, ki bar ta ta yi barci isasshe daren da za ta tashi, sannan ki bi ta da addu'a.

Allah Ya tsare mana zuri'a a ƙasa da sama. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.